Yadda Ƙungiyoyin Al'umma Za Su Tallafa Wa Sansanonin Bazara Na Yaran Yahudawa A Amurka

Sansanin bazara na kwana yakan buɗe ƙofa wajen tsakiyar watan Yuni, ya rufe a tsakiyar Agusta. Mako takwas ke nan, a wani wurin tara. Sauran watannin shekara babu yaro ko ɗaya, amma kashe kuɗi bai tsaya ba: albashin darakta da 'yan ofis yana tafiya, kuɗin inshora yana tafiya, dusar ƙanƙara tana danne rufin ɗakuna, bututun ruwa yana fashewa saboda sanyi. Ƙungiyoyi da yawa kuwa sai sun ga hotunan yara a bakin tafki a watan Yuli suke tunawa da sansani, su yi maza su aika da cek. Ba wanda zai mayar musu da shi. Sai dai a lokacin an riga an ɗauki ma'aikata, an raba tallafi, yaron da iyayensa suka kasa biya kuma yana gida yana kallon talabijin.

Saboda haka duk abin da zai biyo baya ya rataya ne a kan abu ɗaya: taimakonku ya bi kalandar sansani da buƙatarsa, ya zo da wuri, kuma ya kasance wanda za a iya dogara da shi baɗi da shekarar da ke biye. Maganar ta shafi majami'un Yahudawa, da tarayyar ƙungiyoyinsu ta kowane gari wadda suke kira Federation, da cibiyoyin al'umma na JCC, da ƙungiyoyin mata da na matasa, da gidauniyoyin iyali. Ta shafi har maƙwabtan da ba Yahudawa ba, kamar ƙungiyar 'yan kasuwar ƙauyen da sansanin yake ko 'yan sa kai na kashe gobara.

Da farko ku san wane irin sansani ne

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Na farko-farko an kafa su ne don 'ya'yan talakawa 'yan gudun hijira daga gabashin Turai da suka cunkushe a unguwar Lower East Side ta birnin Niyok. Surprise Lake Camp, wanda aka kafa a 1902, irin wannan ne: a fitar da yaro daga zafin birni, ya sha iska, ya ci ya ƙoshi. Daga baya aka samu masu manufar koyarwa. Massad, da ya fara a 1941, da Ibrananci aka riƙa yin komai a cikinsa. Ɗariƙar Conservative ta buɗe sansanin Ramah na farko a Conover ta jihar Wiskonsin a 1947. 'Yan ɗariƙar Reform suka buɗe nasu a Oconomowoc, a jihar dai, a 1952, wanda yau ake kira OSRUI. Ɗariƙar Chabad ta fara sansanin Gan Israel a 1956. Ƙungiyoyin matasa kamar Habonim Dror, Young Judaea da Bnei Akiva kowace tana da nata. Ga kuma sansanonin jeka-ka-dawo, waɗanda yawancinsu JCC ke gudanarwa, inda yaro zai je da safe ya koma gida da yamma.

Amfanin sanin wannan a aikace yake. Shi zai gaya muku wa ke da ikon sa hannu a yarjejeniya: kwamitin amintattun sansanin ne, ko hedikwatar ɗariƙa, ko majami'ar da ta mallake shi. Shi zai gaya muku tsananin dokar abinci da ta ranar Asabar, wato Shabbat, ranar hutun ibadar Yahudawa, a wurin. Shi kuma zai nuna muku ko iyalan da kuke son taimaka wa za su saki jiki a can. Iyali masu tsananin riƙon addini ba za su tura ɗansu inda ake kaɗa jita a daren Asabar ba, ko da kyauta ne.

Ku nemi zama da darakta kafin ku yanke komai

Ku naɗa mutum biyu ko uku, su nemi ganawa da darakta da shugaban kwamitin amintattu a watan Satumba ko Oktoba, bayan an huta gajiyar bazara. Ku duba kalandar Yahudawa tukuna, don manyan ranakun ibadarsu na Rosh Hashanah da Yom Kippur da Sukkot duk a wannan tsakanin suke faɗowa.

Kafin zaman ku karanta takardun kuɗinsu. Yawancin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, masu rajistar 501(c)(3), suna miƙa wa hukumar haraji ta IRS fom mai lamba 990 duk shekara, kuma kowa yana iya ganinsa kyauta a shafukan ProPublica ko Candid. A ciki za ku ga abin da ya shigo daga kuɗin yara, abin da ya shigo daga gudummawa, bashi, da abin da aka ajiye. Sansanin da ke ƙarƙashin majami'a kai tsaye mai yiwuwa ba shi da nasa fom ɗin, don doka ta ɗauke wa wuraren ibada wannan nauyi. A nan sai ku nemi rahoton odita.

A wurin zaman, tambayoyi kaɗan ne masu buɗe ciki. Gadaje nawa ne suka kwana babu kowa a bazarar da ta wuce, kuma a wane zango? Iyalai nawa suka nemi tallafi, nawa ne aka ba su ƙasa da abin da suka nema, nawa suka janye bayan haka? Cikin yaran da suka zo karo na farko, kashi nawa suka dawo? Cikin ma'aikata fa? Wane gyara ne ake ta ɗagawa shekara da shekaru? Sansanin yana da shaidar American Camp Association, ƙungiyar da ke tantance ingancin sansanoni a Amurka? Tambayar gadajen tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ɗakin da ke da yara goma a gado goma sha biyu, an riga an biya masu kula da shi, an biya wutarsa da inshorarsa. Ƙarin yara biyu abin da za su ci wa sansani kaɗan ne a kan abin da za su kawo, shi ya sa darakta zai iya yi muku rangwame mai kyau idan ku ne za ku cike masa waɗannan gadajen.

Ku saurari amsa da kyau. Idan kun je da niyyar gina filin ƙwallon kwando da sunan ƙungiyarku a jiki, darakta kuma ya ce sokawe ce ta cika, to sokawen ce buƙata. Hukumar lafiya ta jiha tana iya hana sansani buɗewa a kan ruwan sha ko magudanar ƙazanta. Ba ta taɓa rufe wuri don ba shi da sabon filin wasa ba.

Ku ɗora kasafinku a kan kalandarsu

Tun ran gini, ran zane. Rajistar bazara mai zuwa takan buɗe ne da kaka, wasu tun yara ba su gama kwance kaya ba, kuma ana yi wa masu saurin biya ragi. Ɗaukar ma'aikata daga kaka ne zuwa ƙarshen hunturu. Takardun bizar ma'aikatan da ke zuwa daga ƙasashen waje suna cin watanni. Takardun neman tallafi yawanci a watannin farko na shekara ake dubawa. Aikin gini kuwa sai tsakanin Satumba da Mayu, kuma a jihohin arewa ƙanƙara tana cinye rabin wannan lokacin.

Abin yi a bayyane yake: ku sanar da sansani adadin da za ku bayar, a rubuce, kafin ƙarshen Nuwamba, ko da kuɗin ba zai shiga asusunsu ba sai Maris. Da wannan wasiƙa darakta zai iya yi wa iyali alkawari. Ga masu tara gudummawa daga ɗaiɗaikun mutane, watan Disamba ne kakarku, don shekarar haraji a Amurka tana rufewa ran 31 ga watan, mutane kuma suna son kyautarsu ta shiga lissafin shekarar.

Tallafin kuɗin yara

Nan ne yawancin ƙungiyoyi ke sa kuɗinsu, nan ne kuma aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Kuɗin sansanin kwana a wurare da yawa ya haura dala 1,000 a mako. Iyali mai yara biyu ko uku, ga kuɗin majami'a, wataƙila ga na makarantar addini, abin ya fi ƙarfin har masu matsakaicin albashi. Akwai hanyoyin tallafi da ke nan tun kafin ku zo, kuma sai kun san su kafin ku ƙara naku. Foundation for Jewish Camp, wadda Rob Bildner da Elisa Spungen Bildner suka kafa a 1998, tana da shirin One Happy Camper, da ke ba yaron da zai je sansanin kwana karo na farko tallafin kuɗi, ba tare da duba ƙarfin aljihun iyayensa ba. Tana yin sa ne tare da Federation na garuruwa da wasu abokan haɗin gwiwa, kuma sharuɗɗan sukan bambanta daga gari zuwa gari. Sansanin da kansa yana da asusun tallafi. Majami'u da yawa suna da nasu. Akwai kuma ƙungiyoyin ba da rance marar ruwa, irin Hebrew Free Loan Society ta Niyok da ta faro tun 1892.

Giɓin yana shekara ta biyu. Yaro ya je, ya yi abokai, ya koyi waƙoƙi, ya dawo yana ƙirga watanni. Tallafin zuwan farko kuwa ya ƙare. Ga misali da alƙaluma na ƙiyasi kawai. A ce zangon mako huɗu dala 6,000 ne. Iyaye za su iya 2,000, sansani ya sauke 2,000, tallafin zuwan farko ya kawo 1,000. Saura 1,000 a shekarar farko. A ta biyu da ta uku saura 2,000 kowace. Wato yaro ɗaya a shekara uku zai ci muku dala 5,000. Ƙungiyar da ke da dala 15,000 a shekara tana da zaɓi biyu. Ko ta tura sababbin yara 15 kowace bazara, ta bar su da sa'arsu bayan nan, ko ta ɗauki sababbi uku kacal kowace shekara ta riƙe su shekara uku, wanda zai sa daga shekara ta uku tana da yara tara a sansani a kowane lokaci. Na farkon ya fi kyau a rahoton shekara. Ni dai na biyun zan zaɓa, ko wani abu da ya fi kusa da shi. Abin da ake nema daga sansani, wato yaro ya samu abokai na dindindin, ya saba da addu'o'i da al'adun mutanensa, wata rana ya dawo a matsayin ma'aikaci, ba ya samuwa a zuwa ɗaya.

Sai yadda za a raba. Kada kwamitinku ya zauna yana duba takardun albashin maƙwabtansa. A ƙaramar al'umma kowa ya san kowa, kuma akwai iyayen da za su gwammace su hana ɗansu tafiya da a ce matar da suke zama kusa da ita a majami'a ta ga takardar harajinsu. Ku miƙa kuɗin ga sansani ko Federation, su tantance da fom ɗaya, su ba ku rahoto babu sunaye. Kuɗin kuma ya tafi asusun sansani kai tsaye. Kada a sa yaro ya rubuta wasiƙar godiya da sunansa ko ya tsaya a gaban taro.

Akwai dokar haraji da ya kamata ma'ajinku ya sani. Idan mutum ya ba da kuɗi ya ce na ɗan wane ne, IRS ba ta ɗaukar wannan a matsayin sadakar da ake cirewa daga haraji. Dole zaɓen mai cin gajiya ya kasance a hannun ƙungiya. Duk kyautar da ta kai dala 250 kuma mai bayarwa yana buƙatar rubutacciyar shaida daga gare ku. Ga iyaye kuwa, rangwamen harajin kula da yara 'yan ƙasa da shekara 13 yana shafar sansanin jeka-ka-dawo, ba ya shafar na kwana. Ku gaya musu tun da wuri, kada su yi lissafi da kuɗin da ba zai zo ba.

Abu na ƙarshe a nan shi ne kuɗin da ba ya cikin rasit: tikitin jirgi ko na bas, babbar jakar kaya, bargon kwana, tocila, takalmin tafiya, fararen kaya na daren Asabar, gwajin likita da alluran rigakafi da fom ɗin sansani ke nema. Wannan kaɗai yana iya kai ɗaruruwan daloli. Ƙungiyar mata ko ta matasa za ta iya buɗe ɗakin ajiyar kayan sansani, iyalan da yaransu suka girma su kawo, masu buƙata su ɗauka ba tare da an rubuta suna ba. Ba ya cin komai sai wuri da mutum ɗaya mai riƙe da makulli.

Ma'aikata

Yaro ba ya tuna darakta, balle mai ba da gudummawa. Wanda yake tunawa shi ne matashin da ke kwana a ɗaki ɗaya da su, ɗan shekara 18 zuwa 21, wanda ya zauna a bakin gadonsa daren da kewar gida ta hana shi barci. Ƙa'idar American Camp Association a sansanin kwana ita ce ma'aikaci ɗaya ga yara shida 'yan shekara 6 zuwa 8, ɗaya ga takwas 'yan 9 zuwa 14, ɗaya ga goma 'yan 15 zuwa 18. In ba a samu ma'aikata ba, sai a rufe ɗaki ko da akwai yara a layi.

Matsalar ita ce albashin bazara a sansani ƙarami ne, ɗalibin jami'a kuma yana ganin abokansa suna samun horon aiki a kamfanoni, abin da zai shiga takardar neman aikinsu. Ƙungiya tana da hanya biyu ta shiga nan. Ta farko, ƙarin alawus ga duk ɗan garinku da ya koma aiki a sansani shekara ta biyu ko ta uku, a biya shi bayan ya kammala zango. Ta biyun ba ta cin kuɗi: lauyoyi da likitoci da 'yan kasuwar da ke cikinku su ba waɗannan matasa gajeren horon aiki a watan Mayu kafin sansani, ko a hutun hunturu, don kada su zaɓi tsakanin sansani da makomarsu.

Hukumar Jewish Agency tana tura matasan Isra'ila fiye da dubu zuwa sansanonin Arewacin Amurka kowace bazara, ga wasu daga Birtaniya da gabashin Turai da Latin Amurka da ke shigowa da bizar J-1, da yawansu a kicin da wurin gyare-gyare. Ranar hutunsu ba su da gida, ba su da mota. Iyalai goma da za su yarda su ɗauko su, su ba su gado da injin wanki da abincin dare, sun yi wa sansani aikin da kuɗi ba zai saya ba. Ku tsara jadawalin tare da ofishin sansani tun watan Afrilu.

Majami'a kuma ta saki malaminta ko mai jan baƙin addu'arta ya je ya koyar na mako ɗaya ko biyu, kuma kada a cire masa daga hutunsa na shekara. Sansanonin Reform da na Ramah sun daɗe suna dogaro da irin wannan. Haka likitoci da nas-nas: sansanoni da yawa suna karɓar mai zuwa na mako guda, wani lokaci a sauke masa kuɗin ɗansa. A tabbatar lasisinsa yana aiki a jihar da sansanin yake, don kowace jiha da dokarta. A shekarun nan buƙatar masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙaru sosai, ga yara da ma'aikata duka, har Foundation for Jewish Camp ta buɗe shiri na musamman mai suna Yedid Nefesh da kuɗin gidauniyar Marcus. Biyan albashin ma'aikacin jin daɗin jama'a ɗaya na mako takwas kyauta ce mai iyaka, mai sauƙin bayani ga mambobinku.

Duk ɗan sa kai da zai kusanci yara, ko shugaban ƙungiyarku ne, sai ya bi ta tantancewa da horon kare yara kamar kowa. Wanda ya ji haushin wannan, ku ba shi aikin ofis.

Kicin da ranar Asabar

Wannan sashe ya fi shafar maƙwabtan da ba Yahudawa ba, amma har Yahudawan da ba su tsananta ba sukan yi tuntuɓe a nan. Mai karatu Musulmi ya san zancen halal, to dokar kosha ta zarce ta a tsanani ta wata fuska: ba a haɗa nama da madara, ba a tukunya ɗaya ba, ba a cokali ɗaya ba. In ka shiga kicin ɗin sansani mai kiyaye kosha za ka ga an raba shi biyu. Wuƙaƙe da faranti da allunan yanka na nama galibi da jan fenti ko jan tef a jiki, na madara da shuɗi. Wurin wanke-wanke biyu, soso biyu. Akwai mai sa ido, mashgiach, da ke tsayawa a bakin motar kaya yana juya kowane kwali yana neman tambarin kosha kafin a shigar da shi, ya duba ganyen salak ɗaya bayan ɗaya saboda ƙwari. Cokalin madara ɗaya da ya faɗa tukunyar nama yana iya jawo a ajiye abincin mutum ɗari uku a koma ga malami neman hukunci.

Don haka kada ku dafa abinci a gida ku kai, kada ku kai tsofaffin tukwane. Ku ba da kuɗi ko ku sayi abin da shugaban kicin ya rubuta, da suna da lamba. Sansanoni da yawa ma sun hana gyaɗa da danginta gaba ɗaya saboda yaran da jikinsu ba ya karɓa, wasu sun hana aika wa yara ƙunshin abinci kwata-kwata.

Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari bayan faɗuwar ranar Asabar, sansani mai kiyaye Shabbat ba ya karɓar kaya, ba ya amsa wayar kasuwanci, ba ya taɓa kuɗi. Kada ku sa ranar aikin gayya ko ziyarar masu ba da gudummawa a wannan lokaci, sai in an gayyace ku ku kwana. Ku kuma lura da Tisha B'Av, ranar azumi da makoki da ke faɗowa a Yuli ko Agusta.

Gine-gine, ninki da waƙafi

Idan ƙarfinku ya kai ga gini, ku nemi a ninka kuɗinku. Gidauniyar Harold Grinspoon ta jihar Massachusetts, ta shirinta na JCamp 180 da ya fara a 2004, ta shahara da wannan salo: sansani ya tara, ita ta ƙara, tare da horar da kwamitocin amintattu kan tsara manufa da neman gudummawa. A 2020, da korona ta sa yawancin sansanonin kwana suka soke bazara baki ɗaya, URJ, uwar ƙungiyar 'yan Reform, ta rufe nata duka, gidauniyar ta ware dala miliyan 10 na ninki don kada su durƙushe. Ku tambayi darakta ko akwai irin wannan dama a buɗe, ku sa kyautarku ta faɗo cikin wa'adinta. Ku ma kuna iya yin haka a ƙaramin mataki: ku ce za ku ba da dala 10,000 idan tsofaffin 'yan sansani suka tara kwatankwacinta. Za ku ga yawancin kyaututtukan suna zuwa a 18, 36, 180, don al'adar Yahudawa ce ba da sadaka a ninkin 18.

Duk sabon gini ku haɗa shi da kuɗin kula da shi, in ba haka ba kun ba sansani nauyi. Wanda ke son abin da zai daɗe kuwa ya duba waƙafi. Asusun dala 100,000 da ake cire kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a shekara yana ba da dala 4,000 zuwa 5,000 duk bazara. Ƙaramar ƙungiya ba sai ta riƙe shi da kanta ba, Federation ko gidauniyar al'ummar gari za ta juya mata shi.

Tsaro da gobara

Ran 10 ga Agusta 1999 wani ɗan bindiga ya shiga cibiyar JCC ta Granada Hills a Los Angeles lokacin da sansanin jeka-ka-dawo ke gudana, ya raunata mutum biyar, uku daga ciki ƙananan yara. Bayan kisan mutum 11 a majami'ar Tree of Life ta Pittsburgh a Oktoban 2018, kuɗin tsaro ya zama babban layi a kasafin kowace cibiyar Yahudawa. Secure Community Network, ƙungiyar tsaron cibiyoyin Yahudawa da aka kafa a 2004, tana duba wuri ta nuna inda rauni yake, tana kuma horar da ma'aikata. Gwamnatin tarayya tana da shirin Nonprofit Security Grant Program ƙarƙashin hukumar agajin gaggawa ta FEMA, wanda ya raba dala miliyan 305 a 2023, don ƙofofi da kyamarori da shinge da makamantansu.

Inda ƙungiya za ta yi amfani shi ne wajen takardu. Ana nema ne ta ofishin jiha, wa'adin gajere ne, ana buƙatar rahoton duba rauni da rajista a shafin SAM.gov, kuma yawanci sai ka kashe kuɗinka sannan a mayar maka. Ku ba sansani aron mutumin da ya iya cike irin wannan takarda, ku kuma ba shi rance marar ruwa ya fara aikin kafin kuɗin gwamnati ya iso.

Wuta ma ta yi ɓarna. Gobarar Tubbs ta cinye Camp Newman da ke Santa Rosa a Oktoban 2017. Gobarar Woolsey ta Nuwamban 2018 ta ƙone sansanonin Hess Kramer da Gindling Hilltop da JCA Shalom a yankin Malibu, duk a Kalifoniya. An yi sa'a ba lokacin bazara ba ne. Abin da ya riƙe su shi ne samun wurin aro: Newman ya yi bazararsa ta gaba a harabar kwalejin Cal Maritime da ke Vallejo, Hess Kramer a jami'ar Channel Islands. Idan kuna da babban zaure ko bas-bas ko harabar makaranta, ku rubuta yarjejeniya tun yanzu cewa nan za a kwaso yara in ta ɓaci, ku yi gwajinta sau ɗaya kafin Yuni tare da 'yan kwana-kwana da ofishin sherif na yankin.

Yara masu buƙata ta musamman

Ramah ta fara shirin Tikvah na yara masu buƙata ta musamman tun 1970, gidauniyar Weinberg kuma ta ware dala miliyan 12 ga shirin Yashar don gyara gine-ginen sansanoni su karɓi masu nakasa. Duk da haka abin da ya fi hana yaro zuwa sau da yawa shi ne albashin mataimaki na mutum ɗaya. Ku tambaya ko akwai wanda aka mayar bara saboda wannan, ku biya.

Bayan bas ta dawo

A ƙarshen Agusta yara za su dawo da muryoyi a dushe da waƙoƙin da majami'arsu ba ta sani ba. Ku ba su wuri. Ku ware wata Asabar a kaka su ja addu'a da salon sansani, ku gayyaci darakta ya zo, rajistar baɗi kuma a buɗe a kan tebur a bakin ƙofa. Matasan da suka yi aiki a can ku ɗauke su koyarwa a makarantar Lahadi ko jagorancin ƙungiyar yara, da albashi. Iyayen da suka tura yara su ne za su shawo kan masu ɗari-ɗari, musamman iyalan da ɗaya cikin ma'auratan ba Bayahude ba ne, da waɗanda suka zo daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet ko Isra'ila, waɗanda ba su taso da al'adar tura yaro daji na wata guda ba. Zama a falon wani da shayi da iyalai biyar ya fi talla a Facebook tasiri.

Sannan ku rubuta komai a shafi ɗaya ko biyu, ku da sansani ku sa hannu: nawa ne, na shekara nawa, yaushe za a biya, me aka ware wa kuɗin, wane kaso ne aka bar wa darakta ya kashe inda ya ga buƙata, wa zai yi magana da wa. Shekara uku ita ce mafi ƙarancin da ke ba da damar tsari. Rahoton da za ku nema ya tsaya a alƙaluma huɗu ko biyar da suke tarawa dama can: yawan yaran garinku, yawan waɗanda suka dawo, yawan ma'aikata 'yan garinku, da yawan iyalan da suka janye saboda kuɗi. Kada ku ƙirƙiro musu sabon fom mai shafi goma a kan kyautar dala 5,000, ofishin da ke da ma'aikata huɗu a hunturu ba shi da wannan lokacin. Idan kuma kun ga ba za ku ci gaba ba bayan wa'adi, ku sanar da su shekara guda kafin nan, a watan Satumba, kafin su buɗe rajista.